Gara Ba Ta Cin Takardar Da Ake Dubawa



A watan Agusta na 2022 jaridun ƙasar nan suka ɗauki wani labari da ya ba mutane dariya, ya kuma ba su haushi. Kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya nemi hukumar Asusun Inshorar Ma'aikata, wato NSITF, ta kawo takardun shaidar yadda aka kashe sama da Naira biliyan 17 a shekarar 2013. Amsar da jaridu suka ruwaito ita ce, an zuba takardun a cikin wata kwantena, ruwan sama ya yi shekaru yana dukansu, kuma mai yiwuwa ma gara ta cinye su. Nan da nan gara ta zama abin zolaya a Facebook da teburin mai shayi, har ana cewa a duk ƙwarin Nijeriya babu mai ƙoshi kamarta.

Shari'ar wannan hukuma tana hannun waɗanda aka ɗora wa alhakinta. Abin da ya dame ni shi ne, da yawa daga cikin masu dariyar, da za a ce su buɗe kabad ɗin ofishinsu su fito da rasit ɗin kuɗin hayar bara, da sai an yi sallar Azahar da La'asar ana kwance kwalaye. Ina nufin ƙananan ofisoshin da rayuwarmu ta yau da kullum ke ratsawa ta cikinsu: makarantar kuɗi da Islamiyyar unguwa, ƙaramin asibiti da kantin magani, ofishin dillalin filaye, ƙungiyar 'yan kasuwa, kwamitin masallaci, ofishin lauya mai ɗaki biyu. A irin waɗannan wurare ba a maganar biliyoyi, amma ɓatan takarda ɗaya kan jawo hawayen da ba za su kai shafin jarida ba.

Dalili kuwa, kowace takarda da ke ofis haƙƙin wani ce. Sakamakon jarabawar da ke cikin kwalin da aka jingina da bango na wata yarinya ne, wadda bayan shekara goma za ta dawo neman shaidar kammala makaranta domin an ɗauke ta aiki. Katin da ya faɗa bayan durowa a asibiti shi ke ɗauke da bayanin cewa jikin wani dattijo ba ya karɓar wani magani. Takardar cinikin filin da dillali ya cusa a aljihun mota ita ce za ta raba gardama tsakanin marayu da maƙwabcinsu idan masu cinikin da shaidunsu duk sun kwanta dama. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa tantance 'yan fansho ya ga yadda ake juya tsoho ya koma gida saboda babu takardar ɗaukarsa aiki ta farko, ko ta ƙarin girmansa na ƙarshe. A duk waɗannan misalai, wanda ya yi sakacin daban, wanda ya sha wuyar daban. Shi ya sa nake ganin adana takardu maganar amana ce tun kafin ta zama maganar tsaftar ofis.

Sai Malam ya zo

Babbar cutar ƙananan ofisoshinmu ba ta wuce wannan jimla da kowa ya saba ji ba: "Sai Malam ya zo." Malam ɗin nan shi ne akawu ko magatakarda, wanda ya shekara goma sha biyar a wurin. Ya san cewa rasitan 2019 suna cikin jakar leda a saman kabad, takardun ma'aikata suna durowa ta uku, yarjejeniyar haya kuma tana tsakiyar wani tsohon littafin rajista. Ba ya ɓata lokaci wurin nema, kuma mai ofis yana alfahari da shi. Amma tsarin gaba ɗaya a kansa yake. Ran da ya kwanta rashin lafiya, ko ya tafi aikin Hajji, ko ya sami aikin da ya fi wannan, ko ta Allah ta kasance, ofis ya makance. Takardun suna nan cikin ɗakin, babu ko ɗaya da ta fita, amma da su da babu duk ɗaya.

Saboda haka ga ma'aunin da nake ba kowane mai ofis shawarar ya gwada a wannan mako. Ranar da mai kula da takardu ba ya nan, a kira wani ma'aikaci, a ambata masa takarda guda, a duba agogo. Idan ya fito da ita cikin minti biyar ba tare da ya buga wa kowa waya ba, ofishin yana da tsari. Idan ya kasa, abin da ake da shi tarin takardu ne da mutum ɗaya mai kyakkyawar hadda. Ajiya ba ta cika ajiya ba sai wanda bai ajiye ba zai iya ɗaukowa.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce da ba mu gada ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma rubutun da ba za a same shi ranar buƙata ba bai biya manufar umarnin ba. Malamanmu na da ba sa ɗinke littafi; warwara suke barin takardunsa a cikin gafaka. Amma a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, ta yadda ko iska ta watsa littafin, almajirin da bai taɓa karanta shi ba zai iya mayar da kowace takarda gurbinta. A Sakkwato, gidan Waziri ya adana wasiƙun da suka gudana tsakanin fadar Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasashe, kuma da taimakon abin da Waziri Junaidu ya riƙe na wannan gado ne Murray Last ya rubuta littafinsa na tarihin Daular Usmaniyya da ya fito a 1967. A zamanin boko kuma, ƙoƙarin Kenneth Dike ya haifar da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, wadda reshenta na Kaduna har yau masu bincike da masu shari'ar iyaka da sarauta ke zuwa neman fayilolin lardunan Arewa. Ana samun fayil ɗin da ya haura shekara tamanin a can saboda wani akawu da ba mu san sunansa ba ya ba shi lamba, ya kuma shigar da lambar a rajista.

Ƙofa ɗaya, suna ɗaya

To, ta ina ƙaramin ofis zai fara? Da littafi guda mai bango mai ƙarfi, wanda za a ja wa layuka: lamba, kwanan wata, daga wa, a kan me, wa aka miƙa wa, wane fayil ta shiga. Duk takardar da ta shigo ko ta fita sai ta bi ta wannan ƙofa. Wasiƙar da masinja ya kawo, da wadda aka miƙa wa shugaba a wurin ɗaurin aure ya sa a aljihu, da wadda ta zo ta imel ko WhatsApp, hukuncinsu ɗaya. Mafi yawan takardun da ke ɓata ba a kabad suke ɓata ba. Tsakanin hannun wanda ya karɓa da teburin wanda ya kamata ya gani suke salwanta. Rajista ce ke nuna hannun ƙarshe da takarda ta shiga, kuma mutum kan ƙara kula da abin da aka rubuta sunansa a kai.

Daga nan sai a kasa aikin ofis gida-gida, kada gidajen su wuce shida ko bakwai. A ɗauki misalin makaranta: 1 na takardun kafuwa da izinin hukuma, 2 na kuɗi, 3 na ma'aikata, 4 na ɗalibai, 5 na gini da kadarori, 6 na wasiƙu. Kowane gida ya haifi 'ya'yansa: 2/1 kuɗin makaranta, 2/2 albashi, 2/3 haraji, 2/4 banki. A rubuta wannan jeri a takarda guda, a manna a jikin ƙofar kabad, inda baƙo ma zai gani. Abu ɗaya da za a haramta shi ne fayil mai suna "Sauransu" ko "Daban-daban", domin shi ne maƙabartar takardu. Cikin wata shida zai fi duk sauran ƙiba.

Wannan jeri shi ne kuma za a kwafa a kwamfuta ba tare da an canza ko harafi ba. Idan fayil ɗin kwali sunansa "2/2 Albashi", foldar da ke kwamfuta ma lambarta da sunanta ke nan. Ofis mai tsari biyu, ɗaya na kabad ɗaya na na'ura, ya ninka wa kansa wurin ɓata. Sunan kowace takarda a kwamfuta kuma ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan bayani: "2025-03-14 rasit kuɗin haya". Hikimar fara wa da shekara ita ce kwamfuta da kanta za ta jera su daga tsohuwa zuwa sabuwa. Wanda ya taɓa buɗe folda ya tarar da "sabo", da "sabo na gaskiya", da "na ƙarshe", da "na ƙarshe 2", ya rasa wanne aka sa wa hannu, ya san darajar wannan ƙa'ida.

Sai kuma ƙaramar dabara da tsofaffin ma'aikatan rajista suka sani. Duk wanda ya zare fayil daga kabad, ya saka kati a gurbinsa mai ɗauke da sunansa da ranar da ya ɗauka. Wannan doka ta fi hawa kan mai gida, domin a yawancin ofisoshi fayil ɗin da aka kwana uku ana nema yakan fito ne daga bayan motar shugaba.

Ba kowace takarda ake ajiyewa ba

Wani kuskuren shi ne zaton tsari yana nufin kada a zubar da komai. Wanda ya ajiye komai ya binne abin da yake buƙata a ƙarƙashin abin da ba ya buƙata. Takardu iri uku ne. Akwai na dindindin: shaidar rajistar kamfani ko ƙungiya, takardun fili da gini, kundin tsarin mulkin ƙungiya, bayanan tarurrukan da aka yanke hukunci, rajistar ɗalibai da sakamakonsu, da fayil ɗin kowane ma'aikaci. Waɗannan ba a zubar da su, kuma ba a ba da aron na asali. Kwafi ake bayarwa. Akwai masu wa'adi, galibinsu na kuɗi: Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya adana takardun lissafinsa har shekara 6 daga ranar da aka yi su, kuma ko ofishin da ba kamfani ba zai yi kyau ya ɗauki wannan a matsayin mafi ƙarancin wa'adi. Sai na uku, irin su katin gayyata, tallace-tallace da kwafin da aka buga da kuskure, waɗanda ba su cancanci kwana a fayil ba. A rubuta shekarar zubarwa a bangon fayil tun ranar rufe shi, don kada wanda zai zo daga baya ya tsaya yana canki-canka.

Yadda ake zubarwar ma abin lura ne. Mai karatu ya tuna sau nawa ya sayi ƙosai ko gyaɗa ko tsire, ya warware takardar ya ga sunan wani da lambar wayarsa, ko sakamakon gwajin jininsa, ko jerin albashin wata ma'aikata. Daga wani ofis takardar ta fito, inda aka auna tsofaffin fayiloli aka sayar. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya na da Dokar Kare Bayanan Jama'a, da hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin kare su da kuma rashin riƙe su fiye da buƙata. Ko babu doka, tona asirin mara lafiya a bakin kaskon suya cin amana ne. Takarda mai ɗauke da sunan mutum ƙona ta ake yi ko a yayyanka ta, a gaban shaida, a kuma rubuta a rajista abin da aka ƙona da ranar.

Waɗanda suka rage kuma suna da maƙiya sanannu. Gara daga ƙasa take tasowa ta bi bango, tana son duhu da danshi da wurin da ba a motsawa. Kwalin da ake janyowa duk mako ba ta samun sukunin gina hanya a cikinsa. Wanda aka manta da shi shekara uku shi ne abincinta. Don haka a ɗaga takardu daga ƙasa aƙalla kamu ɗaya, a janye kabad daga jikin bango, a duba rufi kafin damina ta faɗi, kuma kada a ci abinci kusa da su saboda ɓera da kyankyaso. Rasit ɗin POS da na'urar cirar kuɗi kuwa ba da tawada ake buga shi ba; takardar ce aka shafa wa sinadarin da zafi ke baƙanta shi, shi ya sa a yanayinmu rubutun kan dushe cikin 'yan watanni. A yi masa hoto ko kwafi a ranar da aka karɓe shi. Kada a kai shi laminatin, domin zafin injin zai mayar da shi baƙi ƙirin. Takardun asali masu daraja ma gara a saka su a jakar leda mai buɗewa, domin abin da aka liƙe da zafi ba ya ɓantaruwa ba tare da ɓarna ba.

Waya ba ma'ajiya ba ce

Na san wani matashi zai ce duk wannan tsohon yayi ne, a ɗauki hoton komai a huta. Gaskiya ne na'ura ta kawo sauƙi, amma ofishin da bai iya tsara kabad ba, in ya koma kwamfuta, hargitsinsa kawai ya sauya wa mazauni, kuma na kwamfuta ya fi muni domin ido ba ya ganin tulinsa. A yau ma'ajiyar ofisoshi da yawa ita ce WhatsApp ɗin sakatare. Hoton yarjejeniya yana can tsakanin bidiyon biki da sanarwar rasuwa, manhajar ta matse shi har ƙananan rubutu ba sa karantuwa, sunansa kuma jerin lambobi ne da babu mai iya nema. Ran da aka fizge wayar a cikin A Daidaita Sahu, ko ta faɗa ruwa, an tafi da ofis. Ka'idar ita ce, duk takardar da ta zo ta waya a sauke ta a ranar, a mayar da ita PDF, a ba ta suna, a kai ta foldarta. WhatsApp masinja ne, kuma ba a barin wasiƙa ta kwana a jakar masinja.

Sannan a tambaya: da sunan wa aka buɗe imel ɗin ofis, kuma layin wa aka jona masa? Sau da yawa yaron da ya iya kwamfuta ne ya buɗe da lambarsa. Idan aka rabu ba daɗi, ya tafi da mabuɗin. Idan ma an rabu lafiya, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan karɓe ya sayar wa wani, kuma Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba. Imel da layin waya su zama mallakar ofis. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu amintattu, a kuma rubuta ta a rufe cikin ambulan a wurin da ake ajiye takardun fili. Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a canza ta kafin ya kai bakin titi.

Masana adana bayanai suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na kowane abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. A aikace, ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a ma'ajiyar da ake jonawa a cire, ɗaya a intanet ko a gidan shugaba. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ran ƙa'idar. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016, da ta Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairu 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumba 2024, babu wadda ta tsaya bambance littafin bashi da kwamfuta da filashin da ke cikin durowa ɗaya da su. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da asalinsa ƙaddararsu ɗaya. Kuma duk wata uku a gwada buɗe kwafin a wata na'ura, domin filashi kan mutu shiru, musamman wanda ke yawo shagunan buga takardu yana kwasar cutar kwamfuta.

Kada kuma a yi gaggawar yaga takarda don an yi mata sikanin. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da aka fitar daga kwamfuta, amma da sharuɗɗa, ciki har da bayanin da ke tabbatar da na'urar da ta fitar da shi da cewa tana aiki daidai. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara faɗaɗa wa bayanan na'ura ƙofa, amma duk takardar da ke ɗauke da sa hannu, ko dangwalen yatsa, ko hatimi, asalinta ya fi hotonta ƙarfi a gaban alƙali. Kwamfuta don saurin nema, kabad don ranar shari'a.

Uzuri biyu

Uzurin farko da za a kawo shi ne babu kuɗi, babu wuta. Amma rajista guda, da fayilolin kwali, da alƙalamin rubuta bango, da katakon ɗora kaya, ba su kai kuɗin man janareta na mako guda ba. Wayar da ke aljihun kowa tana iya sikanin, kuma gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta zai ɗauki dubban shafuka. Abin da tsari ke ci shi ne rabin sa'a a mako da kuma naci.

Uzuri na biyu ba a faɗinsa da baki. Wani hargitsin da gangan ake barinsa. Akwai ma'aikacin da ya gane cewa muddin shi kaɗai ya san inda komai yake, ba a iya sallamarsa. Akwai ma'ajin ƙungiyar da ba ya son rasit mai lamba a jere, domin idan lamba 46 ta ɓace tsakanin 45 da 47 za a yi tambaya. Akwai mai makarantar da ya fi son kada malamai su riƙe takardar ɗaukar aiki, don kada wata rana su nemi haƙƙinsu da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa duk wanda ya tashi gyara takardun ofis zai gamu da turjiya daga inda bai zata ba, kuma turjiyar kanta abin dubawa ce. Ga mai gaskiya kuwa, tsari garkuwarsa ce. Mutanen kirki nawa aka ɓata wa suna a kwamitin masallaci ko ƙungiyar unguwa, ba don sun ci ko kwabo ba, sai don ranar lissafi sun kasa nuna takarda? Rantsuwa tana gamsar da wanda ya riga ya yarda da kai. Rasit yana rufe bakin wanda bai yarda ba.

Shawarata ga wanda wannan magana ta shiga kunnensa ita ce kada ya fara da tsofaffin kwalaye, domin yawansu zai karya masa gwiwa kafin Azahar. Ya fara da takardar da za ta shigo gobe da safe: lamba ta ɗaya a sabuwar rajista. Daga nan ya tattara na dindindin, waɗanda da wuya su cika fayil biyu, ya yi musu kwafi ya kai wani gida. Tsofaffin kuma a riƙa cin kwali ɗaya duk mako, a rana sananniya da kowa ya san ba a taɓa ta. Sannan a zaunar da Malam cikin girmamawa, a ce ya juye abin da ke kansa a shafi biyu, a kuma haɗa shi da wani matashi ya koya masa. Wannan ba rage masa matsayi ba ne. Shi ma ya samu ya yi jinya ko ya je gaisuwar mutuwa ba tare da waya ta bi shi ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da mai binciken kuɗi ya zauna, ko sammaci ya iso, ko magada suka yi sallama da lauyansu, lokacin gyara ya wuce, abin da aka ajiye shi za a tarar. Wata rana wani da ba mu sani ba zai tsaya a gaban teburin da muke zaune a yau, yana neman takardar da haƙƙinsa ya rataya a kanta, mu kuma ba ma nan. Abin da za a ce masa a ranar, yau muke rubuta shi.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.